A Shikago, Wajen Masu Koyon Sauraro

Daga filin jirgin sama na O'Hare zuwa cikin Shikago jirgin ƙasa na shiga, wanda suke kira Shuɗin Layi. Dala 5 ne kuɗinsa daga can, kuma sai an yi kusan minti 45 kafin a kai tsakiyar gari. A tashar Jackson na sauka, na bi wani dogon lungu a ƙarƙashin ƙasa ina jan akwatina, na hau Jan Layi mai yin arewa. Da fari cikin rami yake tafiya, can sai ya ɓullo sama ya riƙa ratsa bayan gidajen jan bulo dab da dab, har kana hango tukwanen furanni a kan matakalan katako. Ƙarshen Oktoba ne, ganyaye sun yi ja sun yi rawaya, iska kuwa da an buɗe ƙofa sai ta shigo ta mari fuska. Tashar da zan sauka sunanta Loyola, sunan jami'ar da ta kawo ni.

'Yar ƙanwata ce ke digiri na biyu a can, a fannin aikin walwalar jama'a, ɓangaren da ke horar da masu jinyar damuwa da matsalolin ƙwaƙwalwa ta hanyar zama da mutum a yi magana. Ba ta zo tarbata ba, don ranar tana wurin sanin makamar aiki, kuma ba a barin wurin don kawu ya sauka. Kwatance kawai ta turo ta waya. Uwarta ce ta ɗora min wannan aike da ta ji wani sha'ani zai kai ni Amurka. Ta ce in ratsa in gano mata wane irin aiki ne wannan, ba likita ba, ba nas ba, amma ana ce masa jinya. Sannan, abin da ya fi hana ta barci, me 'ya Musulma take yi a jami'ar limaman Katolika.

Amsar tambaya ta biyu ba ta yi wuyar samuwa ba. Washegari da hantsi yarinyar ta zaga da ni harabar da ke bakin Tafkin Mishigan, a unguwar Rogers Park. Tafki ne a suna, amma ba a hango ɗaya gaɓar, ruwan kuma dukan duwatsu yake yi ba ƙaƙƙautawa. Daidai bakin ruwan akwai farar coci mai suna Madonna della Strada, ginin ƙarshen shekarun 1930, wadda ta ba harabar baya. Masu ginin sun ɗauka za a miƙo babban titin bakin ruwa ya wuce ta gabanta, titin kuwa bai taɓa isowa ba. A cibiyar ɗalibai mai sunan Damen ta hau da ni bene ta nuna min masallacin ɗalibai Musulmi, ga wurin Yahudawa, ga ɗakin ibadar 'yan Hindu, duk kusa da juna. Jami'ar ma tana da malamin Musulunci cikin ma'aikatanta masu kula da addinin ɗalibai. A nan Azahar ta same mu, na bi jam'i bayan wani saurayi da bai kai ɗan autana ba.

Shi Damen ɗin, Fada Arnold Damen, shi ya kafa makarantar a 1870 da sunan Kwalejin St. Ignatius. Ɗan ƙungiyar Jesuit ne, limaman Katolika da Ignatius na Loyola ya tara, Fafaroma ya amince da su a 1540, kuma tun daga lokacin an san su da buɗe makaranta duk inda suka sa ƙafa. Na tambayi yarinyar ko an taɓa kiranta coci.

"Kawu, ko sau ɗaya," in ji ta. "Malaman namu ma yawancinsu ba fada ba ne. Wasu ba Kiristoci ba ne ma."

Da daren nan na kira uwarta na faɗa mata ta kwantar da hankalinta. Tambaya ta farko ce ta cinye sauran zamana.

Ajin yarinyar ba a bakin tafkin yake ba. Makarantar aikin walwalar jama'a tana ɗaya harabar, a tsakiyar gari, tafiyar kamar rabin awa a Jan Layi. Inda muka fito gefen titin Mishigan ne, layin manyan kantunan masu hannu da shuni. A tsakiyarsu ga tsohuwar hasumiyar ruwa ta dutse da aka gama a 1869, ɗaya daga cikin 'yan gine-ginen da suka tsira daga gobarar 1871. Na yi mamakin a ce a nan ake koyon hidimar talaka. Wani bincike da jami'ar NYU da ke New York ta fitar a 2019 ya nuna mazauna Streeterville, unguwar da ke tsallaken titin, sukan kai shekara 90 a matsakaici, alhali a Englewood da ke kudancin birnin, nisan mil 9, matsakaicin shekara 60 ne. Jan Layin nan guda shi ke wucewa kusa da duka biyun. Wani fada mai suna Frederic Siedenburg ne ya buɗe makarantar a 1914, bayan ya yi karatun zamantakewa a Turai, kuma ta ƙofarta mata suka fara shiga Loyola.

Gini na coci ne, amma ma'auni ba nata ba ne. Akwai majalisa ta ƙasa, CSWE, da aka kafa a 1952, ita ke tantance duk makarantar da ke ba da wannan digiri da ake taƙaitawa MSW. Jami'ar gwamnati ce, ta Katolika ce, ta Baftis ce, ko ta Yahudawa irin Yeshiva da ke New York, ƙwarewa 9 iri ɗaya ake auna ɗalibanta da su, kuma dole kowane ɗalibi ya yi aƙalla awa 900 yana aiki da mutane na gaske a ƙarƙashin idon ƙwararre. Shekara 2 ne karatun ga mai yin sa gadan-gadan. Wanda ya yi digirin farko a fannin a makarantar da aka tantance, ana rage masa zuwa kamar shekara guda. Makarantar da ta rasa tantancewar nan, ɗalibanta ba za su sami lasisi a yawancin jihohi ba, shi ya sa ba mai wasa da ita. Bayan wannan kuma ga kundin ɗa'ar aiki na ƙungiyar ma'aikatan, NASW, wanda ya haramta nuna wa mai neman taimako bambanci saboda addininsa, launinsa ko irin zaman auren da yake yi, ya kuma hana ma'aikaci amfani da kujerarsa don tallar addininsa ko siyasarsa.

Ba kullum ake wanyewa lafiya tsakanin iyayengijin nan biyu ba. A 1995, a babbar makarantar horar da fastocin Baftis da ke Louisville a jihar Kentaki, shugaban makarantar, Albert Mohler, ya sauke Diana Garland daga shugabancin sashen aikin walwalar jama'a. Rikicin ya taso ne kan ɗaukar wani malami da aka ƙi saboda yana ganin mace na iya zama fasto. Bayan shekara biyu aka rufe sashen gaba ɗaya. Garland ta koma Jami'ar Baylor a Tekzas, ita ma ta Baftis, ta gina wata makarantar da a yau ke ɗauke da sunanta. A nan jihar Ilinoi ma, a 2011, gwamnati ta yanke kwangilar riƙon yara da wasu rassan ƙungiyar agaji ta Katolika, saboda sun ƙi ba da riƙo ga masu zaman tarayya na jinsi ɗaya bayan doka ta amince da irin wannan zama. Ɗalibi mai addini, ko wane addini ne, yana shiga aikin nan da sanin akwai ranar da abin da ya yi imani da shi da abin da lasisinsa ya wajabta masa za su kalli juna. Jami'o'in addinin su ma ba ɗaya suke ba. A Brigham Young ta 'yan Mormon, wata ɗariƙar Kirista, a jihar Yuta, ɗalibi sai ya sa hannu kan ƙa'idar da ta hana giya da taba har da kofi da shayi, kuma sai wani shugaban addini ya tsaya masa. 'Yan Jesuit ba su da wannan.

Wata rana da yarinyar ta tafi aiki na kama hanya ni kaɗai zuwa titin Halsted, in ga Hull House. Gidan bulo ne mai baranda, ya maƙale a tsakanin manyan gine-ginen kankare na jami'ar gwamnatin jihar. A nan Jane Addams da ƙawarta Ellen Gates Starr suka tare a 1889, a tsakiyar baƙin haure 'yan Italiya da Girka da Yahudawan Rasha, don su zauna cikin talakawan maimakon su riƙa aiko musu da sadaka daga nesa. Wurin ya bunƙasa har gini 13, da wurin renon yara, da wurin wanka, da ajin koyon Turanci. Matan gidan suna cikin waɗanda suka matsa aka kafa kotun yara ta farko a Amurka a 1899. Addams ta sami kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1931. A 1963 aka rushe kusan komai don gina jami'ar, aka bar gidan da ɗakin cin abinci a matsayin gidan tarihi. Abin da ya fi riƙe ni taswirorin unguwa ne da suka zana gida-gida, kowane launi na nuna ƙabila ko abin da iyali ke samu a mako. Daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan zuwa titin Roosevelt, inda ginin farko na Fada Damen yake tsaye har yau, ya koma makarantar sakandare.

A wannan gidan na gane cewa aikin da kansa tagwaye ne. Addams tana ganin a gyara unguwa da doka da albashi. Takwararta Mary Richmond tana ganin a zauna da mutum ɗaya, a binciki halinsa da na iyalinsa dalla-dalla, kamar yadda likita ke binciken ciwo. A 1915 Abraham Flexner, wanda ya yi suna wajen gyara karatun likita, ya tsaya gaban taron ma'aikatan ya ce musu aikinsu bai kai a kira shi sana'ar ƙwararru ba. Maganar ta yi musu ciwo, suka rungumi hanyar Richmond da ilimin halayyar ɗan Adam. A 1918 Kwalejin Smith ta fara horar da mata don jinyar sojojin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya gigita. Ɓangaren jinyar da yarinyar ke karanta daga wannan reshe ya fito.

Aji ban shige shi ba, wurin aikinta kuwa ko ƙofar ba a bari baƙo ya leƙa. Abin da na sani game da horon, a falonta na koye shi. Wani dare abokan karatunta uku suka zo bita: wata budurwa 'yar Katolika da iyayenta suka fito daga Mekziko, wani baƙar fata mai furfura a gemu wanda dattijon coci ne a unguwarsu kuma ya dawo karatu bayan ya girma, da wata Baturiya da ta ce ita ba ta bin kowane addini. An ba su aikin gwada hirar farko da mai neman taimako, su ɗauka a waya, kuma sun gaji da yi wa juna. Yarinyar ta dube ni.

"Kawu, don Allah ka zama majinyacinmu. Ka ƙirƙiro labari kawai."

Na ƙirƙiro. Na zama mutumin da matarsa ta rasu wata shida da suka wuce, ba ya barci, ba ya cin abinci. 'Yar Mekzikon ce ta zauna gabana. Kafin komai ta gaya min cewa duk abin da na faɗa zai tsaya tsakaninmu, in ban da abu uku: in zan cutar da kaina, in zan cutar da wani, ko in ana cutar da yaro ko tsoho. Sannan ta tambayi me ya kawo ni. Na yi bayani, ta yi shiru. Na ƙara, ta maimaita min ƙarshen maganata da nata kalmomin, ta sake yin shiru. Shirun nan ya dame ni, har na tsinci kaina ina cike shi da abubuwan da ban shirya faɗa ba. Da gangan na jefa mata tarko. Na ce tun rasuwar na daina zuwa masallaci, don ina jin haushin abin da Allah ya yi min. Na jira ɗaya daga cikin biyu: ko ta ce in yi istigfari in yi haƙuri, ko ta ce ba komai, addini ba dole ba ne. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tambaye ni, a da in na je masallacin, me nake samu a can. Sannan ta tambayi ko akwai wani a cikin jama'ar masallacin da ya neme ni tun da na ɓace.

Ko da yake labarin ƙarya ne, tambayar ta shige ni. Daga nan, ba tare da ta sauya murya ba, ta ce min: ko ka taɓa tunanin kashe kanka? Na ɗago na kalle ta. Bayan an kashe wayar na ce musu wannan tambaya ai sa wa mutum tunanin da ba shi da shi ne. Suka ce bincike ya nuna akasin haka, tambayar ba ta shuka tunanin, sau da yawa ma ita ke buɗe bakin wanda ya daɗe yana ɓoyewa. Suka nuna min takardar tambayoyi 9 da ake auna ciwon damuwa da ita a asibitocin ƙasar, PHQ-9, ta tara ɗin wannan ce. In amsar ta zama e, akwai matakan da za a bi, akwai kuma lambar wayar neman agajin gaggawa ta 988 da aka buɗe a duk ƙasar a Yulin 2022.

Tambayoyin masallacin ma ba daga kanta ta ƙago su ba. Wata likita, Christina Puchalski, ta tsara gajeriyar hanyar tambayar majinyaci game da imaninsa: me ya yi imani da shi, yaya muhimmancinsa a gare shi, yana da jama'ar ibada, kuma yaya yake so a yi la'akari da hakan a jinyarsa. Wani masanin halayya, Kenneth Pargament, ya shafe shekaru yana nuna cewa addini na iya zama abin dogaro a lokacin musiba, yana kuma iya zama ƙarin nauyi, musamman ga wanda ya ɗauka Allah ya yi fushi da shi ko ya yashe shi. Aikin ma'aikacin shi ne ya gane wanne ne a gabansa. Babban kundin cututtukan ƙwaƙwalwa da suke aiki da shi, DSM, tun 1994 ya ware gurbi ga matsalar addini ko ta ruhi, a matsayin abin da ya cancanci kulawa ba tare da an ce ciwon hauka ne ba.

Dattijon cocin ne ya fi ba ni tausayi da dariya. Ya ce shekara da shekaru in mutum ya zo masa da kuka, aya yake ciro masa, kuma ayar na nan a bakinsa kafin mutumin ya rufe nasa. Abin da ya fi wahalar da shi a shekarar farko shi ne haɗiye ta. Baturiyar ta ce ita nata ciwon akasin haka ne: da majinyaci ya ambaci Allah sai ta yi sauri ta sauya magana, ba ta ma san tana yi ba sai da mai duba aikinta ta ja mata layi a ƙarƙashin wurin. Na tambaye su, to in majinyacin da kansa ya ce a yi masa addu'a fa? Nan gardama ta kaure. Abin da suka haɗu a kai shi ne, in daga gare shi ta fito, kana iya zama tare da shi cikin girmamawa ya yi addu'arsa, ko ka haɗa shi da limaminsa ko fastonsa, amma kai ba ka fara kawo ta, kuma ka kai maganar gaban mai duba aikinka.

Wannan layi da aka ja wa Baturiyar a kan wata takarda aka ja shi, wadda ɗalibai ke cikawa bayan zama da majinyaci. Shafin a rarrabe yake: abin da aka faɗa kalma da kalma gwargwadon yadda ka tuna, abin da ka ji a ranka a daidai lokacin, abin da kake ganin yana faruwa, sai gurbin mai duba aiki. Kowane mako ɗalibi na zama da mai duba aikin su bi takardar. Makarantun fannin da yawa suna yin wannan. Amma yarinyar ta ce a makarantar 'yan Jesuit abin ya zauna daram, don su ma suna da al'adar zama kowace rana mutum ya bi yininsa ya ga inda zuciyarsa ta karkata, ita kuma da ta ji bayanin sai ta ce ai muhasaba ce. A iya ganina, a nan addinin makarantar ya fi bayyana: a kan ma'aikacin yake aiki, ba a kan majinyacin ba.

Ni mutum ne da ya yarda da nasiha, kuma har gobe na yarda da ita. Sai dai daren nan ya sa na ga bambancin nasihar aboki da ta wanda fayil ɗinka ke hannunsa. Ma'aikacin nan rahotonsa na iya sa a karɓe wa uwa 'ya'yanta ko a mayar mata da su, a sallami mutum daga asibiti ko a riƙe shi, a ba shi ɗaki ko ya kwana a tashar jirgi. In irin wannan ya ce maka ka koma ga Allah, ba ka da bakin cewa a'a, kuma tuban da aka yi don a sami gado ba tuba ba ne. Duk da haka akwai inda ban gamsu ba. Na ce musu mutumin da ke shan giya yana tagayyara iyalinsa yana buƙatar wanda zai dube shi ido cikin ido ya ce masa abin da kake yi ba daidai ba ne. Suka kawo min William Miller, wanda tun 1983 ya fito da hanyar hira da mashaya bisa lura da cewa in ka tunkari mutum da faɗa sai ya ƙara kafewa, in ka bar shi ya furta dalilin canjin da bakinsa ya fi riƙe shi. Na ji hujjar. Amma ina ganin akwai mutanen da kunyar wani babba ce kaɗai ke tsayar da su, kuma ban tabbata ɗakin jinya na iya maye gurbin wannan ba. Dattijon ya ce shi ya sa bai ajiye muƙaminsa na coci ba, ranar Lahadi yana da bakin da ba shi da shi ranar Litinin.

Duk zamana, ko labarin majinyaci ɗaya ban ji daga bakin yarinyar ba. Takan dawo idonta ya yi ja, in tambaya, ta ce, "Kawu, yini ne mai nauyi," shi ke nan. Riƙon sirrin nan yana da tarihi a gefen garin. A 1991, a Hoffman Estates da ke wajen Shikago, wata 'yar sanda, Mary Lu Redmond, ta harbe wani mutum a bakin aiki, daga baya ta riƙa zuwa wajen wata ma'aikaciyar walwalar jama'a mai jinyar damuwa. Dangin mamacin suka kai ƙara suka nemi a miƙa musu bayanan zaman, ma'aikaciyar ta ƙi. Magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1996 ta yanke cewa hirar majinyaci da mai jinyarsa sirri ce da kotun tarayya ba za ta tilasta a tona ba, kuma kariyar ta haɗa da ma'aikacin walwalar jama'a mai lasisi, ba likita kaɗai ba. Iyakar sirrin kuwa ta fito ne daga shari'ar Tarasoff a Kalifoniya a 1976, inda aka ce in majinyaci ya zama barazana ga ran wani, wajibi ne a kare wancan. Game da yara kuma, dokar Ilinoi ta sa ma'aikacin cikin waɗanda dole su kai rahoto da zarar sun yi zargin cin zarafi.

Kafin in bar garin na yi kudu, in ga inda ake buƙatar waɗannan ɗalibai. Na sauka a titi na 63 na shiga bas mai yin yamma. Kantuna a rufe, filaye babu gini, coci a kusan kowace kwana. A 2012 hukumar birnin ta rufe 6 daga cikin asibitocinta 12 na lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma shugaban 'yan sandan gundumar Cook, Tom Dart, ya sha faɗa cewa kurkukun da yake riƙe da shi ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren ajiye masu taɓin hankali a ƙasar. A kan titin nan ne ƙungiyar Musulmi ta IMAN take, wadda aka kafa a 1997, tana da asibiti da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da shirin koya wa waɗanda suka fito daga kurkuku aikin gini. Gaba kaɗan, a Marquette Park, na tsaya gaban ginshiƙan bulo na tunawa da tattakin Martin Luther King na Agustan 1966, inda aka jefe shi da dutse a ka. IMAN ce ta jagoranci kafa su a 2016. A wajen gari kuma akwai cibiyar Khalil, inda ake haɗa jinyar zamani da ilimin zuciya na malaman Musulunci. A irin waɗannan wurare majinyaci ya san inda ya shigo, don haka ambaton Allah a ɗakin jinya ba shi da wata gargada.

Maganar kuɗi ita ce ba ta da daɗin ji, kuma ta shafi ƙasar baki ɗaya. Awa 900 ɗin nan yawanci ba a biyan ɗalibi ko sisi, shi ne ma yake biyan kuɗin makaranta a kansu, abin da ya sa ɗalibai a Jami'ar Mishigan suka fara fafutukar a riƙa biya, ta kuma bazu zuwa wasu jami'o'i. Karatun a jami'a mai zaman kanta yana cin dubban daloli masu yawa, alhali matsakaicin albashin aikin bai wuce dala dubu 60 da 'yan kai a shekara ba. Ɗan ƙasa yana da mafita: in ya yi aikin gwamnati ko na ƙungiyar agaji ya biya bashin karatun da ya ci daga gwamnatin tarayya wata 120, ana yafe masa sauran.

Digirin kuma ba shi ne ƙarshe ba. A Ilinoi ana fara samun ƙaramin lasisi, LSW, wanda tun 2022 aka cire masa jarrabawa. Don samun babban, LCSW, wanda ke ba mutum damar yin jinya da ƙashin kansa, sai an ƙara awa 3,000 a ƙarƙashin mai duba aiki, sannan a zauna jarrabawar ƙasa, wadda a lokacin da na je tambaya 170 ce cikin awa 4. Alƙaluman da hukumar jarrabawar ta fitar a 2022 sun nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na fararen fata suna ci a zaman farko, baƙaƙe kuwa ba su kai rabi ba. Dattijon cocin ya san wannan lissafi sarai. Jihar ta buɗe wata ƙofa daga 2024: wanda ya zauna bai ci ba yana iya ƙara wasu awa 3,000 a madadinta.

Ita yarinyar nata lissafin daban ne. Bizar ɗalibi tana ba ta wata 12 ne kawai na aiki bayan kammalawa, awa 3,000 kuwa, ko da awa 40 take yi kowane mako ba hutu, sai ta ci mako 75. Dole ke nan ta sami wurin aikin da zai tsaya mata a sauya bizar kafin shekarar ta cika. Ana saura wata bakwai ta gama ta riga ta fara aika takardun neman aiki, yawanci zuwa asibitocin koyarwa, don suna cikin waɗanda ba a ƙayyade musu yawan baƙin da za su ɗauka a shekara ba.